AMSOSHIN WASIƘUNKU: Teburin Da Ruwa Ke Ci A Gefen Kwanon Wanke-wanke

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani mai shayi a Ƙafin Maiyaki, cikin Ƙaramar Hukumar Kiru. Ya ce kafinta ya yi masa tebur, aka huda tsakiya aka zaunar da kwanon wanke kofuna irin na zamani, wato sinki. Damina ɗaya ta wuce, bakin ramin ya yi baƙi, katakon ya kumbura, ya fara ruɓewa. Yana tambaya, laifin katako ne ko na kafinta, kuma yaya zai yi kada kuɗinsa su sake halaka?

To, Malam, Allah ya mayar da alheri. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Shi katako, ko bayan an sare shi, bai daina shan ruwa ba. Kuma ta inda zarto ya yanke jijiyarsa, nan ya fi sha, kamar yadda za ka tsoma guntun rake a ruwa. Ramin da aka yanka wa kwanon nan kuwa, duk kewayensa yanka ne. Kafintoci da yawa sai su shafe saman tebur ya yi ƙyalli, su bar bakin ramin da ƙarƙashi tsirara. Nan ɓarnar take farawa.

Na farko, zaɓen katako. Farin katako mai taushi araha gare shi, amma araha ba ta ado. Nemi maɗaci, ko kawo, ko loko wanda ake kawowa daga kudu. Idan ka je kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa a Kano, ka ce busasshe kake so, don ɗanye in ya bushe a kanka sai ya karkace. Kada kuma wani ya ruɗe ka da katakon da aka sato daga dajin Falgore. Dajin gwamnati ne, akwai hukunci.

Na biyu, shafi. Kafin a zaunar da kwanon, a goge bakin ramin da samfefa, a shafa masa banish ko man linsid, a bari ya bushe, a sake, har sau uku ko huɗu. Haka ƙarƙashin teburin da gefunansa. In an shafe fuska ɗaya aka bar ɗaya, teburin zai lanƙwashe. Sa'annan a zuba silikon, wannan da masu aikin gilashi ke amfani da shi, a kewaye leɓen kwanon, a danna, a goge rarar, a ba shi kwana ɗaya ba ruwa.

Na uku, ka bar wa katako wurin motsi. Ku can kudancin Kano, daga Bebeji zuwa Tudun Wada da Doguwa, ruwan sama ya fi na birni yawa, ga kuma hunturu mai busar da komai. Da damina allo yana ƙara faɗi, da hunturu ya tsuke. Saboda haka ramin ya ɗan fi gindin kwanon girma, kamar kaurin tsinken ashana biyu. In aka matse shi ƙam, ko aka cika masa ƙusoshi, tsagewa zai yi.

Sai gargaɗi. Baƙin man mota da ake shafa wa katako saboda gara, kada ya taɓa inda ake ɗora burodi da kofi, guba ne. Man gyaɗa kuwa wari zai yi. Tsumman da aka yi shafin linsid da shi kada a dunƙule shi a ajiye, yana iya kama wuta da kansa. A jiƙa shi da ruwa a shanya a fili. Ledar da kuke shimfiɗawa a kan tebur, a riƙa ɗage ta da dare, katakon ya sha iska. Gwangwani jiƙaƙƙe kuma kada ya kwana a kai, tambarin baƙi yake bari.

Teburinka na yanzu, caka masa ƙusa a wurin. In da tauri, a cire kwanon, a busar a inuwa, a kankare, a shafe. In ƙusar ta nutse, sai dai a canja allon.

Allah ya ba da kasuwa. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.