Tunkuzar Gurya Da Kajin Nama: Jawabin Malamin Gona

Yau maganarmu ta kaji ce, amma daga gonar auduga za ta tashi.

Kun sani in an gurje auduga, gurya ba a zubar da ita. A Garwa da Marwa kamfanin SODECOTON yana matse ta, a fid da man girki, abin da ya rage shi ne tunkuza. Wannan tunkuza muna ba shanu da tumaki da rani, suna ƙiba. To, wata kuma gangarawa take yi kudu, har Duwala.

Watan jiya na sauka wurin kawuna a New Bell, cikin unguwar Hausawa. Tun shekarar 2005 zuwa 2006, da gwamnati ta taƙaita shigo da daskararrun kaji daga Turai, kiwon kajin nama ya farfaɗo a Kamaru, mutanenmu na can kuwa sun shiga ciki, wasu suna kiwo a bayan gida, wasu suna sayarwa a kasuwa. Kawuna ma ya shiga. Ya ga abincin kanti ya yi tsada, sai ya aiko gida aka tura masa buhunan tunkuza. Ya haɗa da masara da dusa mai yawa, ya kai inji aka niƙa masa luƙui kamar garin tuwo. Shi a ganinsa gata ya yi wa kajin. Kwana 45 suka cika, lokacin da irin kajin nan ya kamata a ce kowace ta kai kilo 2, nasa kuwa ƙashi da gashi. Mai saye ya ɗaga ɗaya, ya ajiye, ya wuce.

Kuskure biyu ya yi. Na fari shi ne niƙa.

Kaza ba ta da haƙori. Ƙundunta shi ne dutsen niƙanta. In ta sami abinci mai ɗan tsauri, ƙundu ya yi aiki, ya yi kauri, ya riƙe abincin har ya narke sosai kafin ya wuce hanji. In kuwa gari ne mai laushi, sai ya zarce kawai, ƙundu ya zauna ba aiki, ya saki. Ban da wannan, gari yana manne wa baki. Za ku ga kaza ta ci kaɗan ta ruga wurin ruwa, ta ɓata ruwan, ta komo, rabin abincin yana ƙasa. Da muka yanka ɗaya cikin kajin kawuna, ƙundun ɗan ƙarami ne, ga taushi. Na tuna ƙundun kazar gidanmu mai tsince-tsince a tsakar gida, wanda wuƙa ma sai ta yi da gaske.

Don haka in za ku kai masara inji saboda kaji, ku ce a ɓarza, kada a niƙa. Wanda ya sami abincin kanti irin dunƙulalle, mai kama da gajerun tsinke, wannan ya fi sa su girma da sauri, domin kowace loma tana da kome a ciki, kaza ba ta iya tsince masara ta bar sauran. 'Yan tsaki kuwa bakinsu ƙarami ne, sai a ba su farfasasshe har sati biyu ko uku.

Kuskure na biyu shi ne yawan abin da ba ya narkewa, watau ɓawo da dusa da ƙaiƙayi. A nan sai ku saurara da kyau, don maganar kaifi biyu gare ta. Kaɗan daga cikinsa yana da amfani, shi ma yana sa ƙundu aiki. Amma cikin kaza ba tumbin saniya ba ne. Saniya tana tuƙa, tana cin moriyar ɓawo, kaza kuwa ba ta iyawa. In ya yi yawa sai ta cika ciki, ta ƙoshi, alhali ba ta sami abin gina jiki ba, kashi ya yi yawa, ɗaki ya jiƙe. Masana sun ce kada ya wuce wajen kashi 5 cikin 100 na abincin kajin nama. Tunkuzar da aka matse da ɓawonta tana iya ɗauke da fiye da kashi 20. Kun ga inda kawuna ya faɗa.

Sa'an nan akwai wata guba cikin gurya, sunanta gosifol. In kun fasa ƙwayar gurya za ku ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe, to, a nan take. Babbar saniya tana jure mata, kaza kuwa tana hana ta ci, ta hana ta girma. Masu ƙwai ma takan ɓata musu launin gwaiduwa.

Ban ce a daina ba kaji tunkuzar gurya ba, ai kuɗinmu ne. Na ce a auna. A nemi wadda aka cire wa ɓawo, in ba a samu ba a tankaɗe. Cikin kilo 100 na abinci kada ta wuce kilo 10, sauran a cika da ɓarzajjiyar masara, da tunkuzar waken soya, da garin kifi, da ɗan gishiri, da ƙurar maganin nan ta ƙarin kuzari da ake sayarwa a shagon magungunan dabbobi. 'Yan tsaki na satin fari da na biyu, ni dai shawarata kada a sa musu ko kaɗan.

Ɗanyar gurya kuwa, wadda ba a matse ba, kada ku kuskura ku daka wa kaji.

Masu aika buhu kudu, ku gaya wa 'yan'uwa Duwala ba Garwa ba ce. Can ruwan sama kusan ba ya hutawa, iska ma jiƙaƙƙiya ce. Buhu a ɗora shi bisa katako, nesa da bango, kada kuma a haɗa abincin da ya wuce na sati biyu. Wanda ya yi fumfuna a zubar, ko da sabon buhu ne.

Ga ƙundu biyu nan na zo da su cikin kwano, ɗaya na kazar gari, ɗaya na kazar ɓarza. Ku matso ku taɓa da hannunku.