Faɗuwar Sarkin Rasha da darasin Sawaba: jawabi ga jama'ar Madawa, Buza da Keita



Gidan sarautar Romanof ya riƙe Rasha tun 1613. A watan Maris na 1917, sarki Nikola na Biyu ya sauka daga gado. Yaƙin duniya na farko ya cinye samari, burodi ya yi wuya a birnin Petrograd, mata suka fito kan titi, sojojin da aka tura su kore su suka bi bayansu. Gwamnatin riƙon ƙwarya da ta gaje shi ta ci gaba da yaƙin, ta kuma jinkirta rabon gonaki. Lenin da jam'iyyar Bolshebik suka yi wa talakawa alkawarin zaman lafiya, gona da abinci, suka karɓe mulki a Nuwamba. A Yulin 1918 aka harbe sarkin da iyalinsa a Yekaterinburg.

Sai dai an gudu ba a tsira ba. Jam'iyya guda ta hana sauran motsi. Zamanin Stalin, gwamnati ta rufe kasuwancin masu zaman kansu, ta tara manoma dole cikin gandayen haɗaka, yunwar 1932 da 1933 ta kashe miliyoyin mutane. Tarayyar Sobiyet, wadda aka kafa a 1922, ta wargaje a Disamban 1991.

Iskar wannan juyi ta kaɗo har Nijar. Jibo Bakari, wanda ya taɓa koyarwa a Birnin Ƙwanni, ya ƙi bin RDA lokacin da ta raba gari da ƴan kwaminis na Faransa a 1950. Jam'iyyarsa, Sawaba mai alamar raƙumi, ta tara leburori, direbobi da ƙananan ƴan kasuwa, ta hau gwamnati a 1957, ta tuɓe wasu sarakuna. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumban 1958 ta ce a'a ga Faransa. Gwamna Kolombani da yawancin sarakuna suka tsaya kan i, suka yi rinjaye. Aka haramta Sawaba a 1959. A 1964 mayaƙanta, waɗanda wasunsu suka samu horo a Sin da Aljeriya, suka shigo ta kan iyaka, har da yankin Ƙwanni, maƙwabcin Madawa. Aka murƙushe su, kamu da kisa suka biyo baya.

A nan sarauta ta tsira, amma ƙasa ta faɗa hannun jam'iyya guda, PPN-RDA, har ranar 15 ga Afrilun 1974 da Seyni Kunce ya kifar da Jori Hamani cikin tsakiyar fari da yunwa. Sai Taron Ƙasa na 1991 ya ɗora Nijar kan mulkin jam'iyyu da yawa.

Darasin a fili yake. Mai mulki da ya toshe kunne ga kukan mai jin yunwa yana haƙa ramin kansa, ko da rawani yake ko da kaki. Wanda kuma ya zo da daɗin baki yana neman a ba shi wuƙa da nama, a fara tambayarsa wa zai tsawata masa ran da ya kauce. Mai albasa a kasuwar Madawa da malamin lakwal a Buza ko Keita suna da haƙƙin yin wannan tambaya ga kowace jam'iyya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya ba ƙasa lafiya da damina mai albarka.