Neman Taimako Ba Bara Ba Ne

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)



Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama, alhali ga manya a zaune waɗanda suka fi ni shekaru da sanin duniya. Sakatare ya ce in yi magana a kan asusun taimakon juna na ƙungiya. Da na duba, sai na ga kowace shekara maganar masu bayarwa ake yi: wa ya biya kuɗin wata, wa bai biya ba. Yau ina so in juya ga ɗaya ɓangaren, wato mutumin da aka kafa asusun dominsa, wanda yake zaune a cikinmu da wankakkiyar riga, kuma ya ƙudura a ransa ba zai buɗe baki ba.

Halin da aka shiga ba ɓoyayye ba ne. A farkon 2023 aka yi wahalar takardun kuɗi saboda canjin fasalin naira, mutum da kuɗinsa a banki ya kasa yin cefane. Ba a gama farfaɗowa ba, ranar 29 ga Mayu 2023 sabon shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Gaskiya ne a watan Yuli 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, amma duk mai zuwa kasuwa da ƙafarsa ya san buhun shinkafa bai tsaya jiran albashi ba. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda ofis yake idan wata ya kai ashirin: hira ta ragu, mai ƙosai ta bakin ƙofa ta buɗe littafin bashi.

To a irin wannan hali, me ya sa ya fi mana sauƙi mu kwana da yunwa da mu gaya wa aboki? Ina ganin amsar tana cikin rigar da muka sa. Ɗan boko mai digiri, a wurin danginsa, ya riga ya isa. Shi ake kira idan ba a biya kuɗin makarantar ƙane ba, shi ake kira idan gyatuma ta kwanta, shi ake jira da ragon suna. Mutumin da kowa ke tambaya sai ya wayi gari ya manta yadda ake tambaya. Malamanmu ga su nan, za su shaida ba haka muka taso ba. A ɗakin kwana, wanda garin kwakinsa ya ƙare kafin ranar ziyara, kofinsa kawai yake ɗauka ya nufi akwatin maƙwabcinsa. Sabulu, sukari, biro, har takalmin fita, babu wanda ba a ara ba, kuma ba wanda darajarsa ta ragu. Takardar shaida da muka karɓa daga baya ce ta zo mana da wannan sabuwar kunya.

Kunyar nan kuwa tana da tsada. Ku dubi manhajojin ba da rance na waya. Mutum ya gwammace ya ci bashi da kuɗin ruwa mai nauyi a wurin wanda bai san fuskarsa ba, don kada abokin ajinsa ya san yana cikin matsi. Ranar da ya kasa biya, sai su aika wa duk lambobin da ke wayarsa saƙon cin mutunci, har surukinsa da shugabansa na ofis. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris 2022, kamfanin Google kuma a 2023 ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan mai rance. Asirin da ya ƙi buɗe wa mutum ɗaya mai ƙaunarsa, an buɗe shi ga mutum ɗari.

Akwai wani ɗan'uwanmu, ba zan kama suna ba, wanda mai ɗakinsa ta yi wata huɗu tana jinya. Ya sayar da babur, ya sayar da fulotinsa a rabin kuɗi domin dillali ya ga gaggawa a idonsa. Duk tsawon lokacin nan yana cikin zaurenmu na WhatsApp, yana amsa sallama, yana taya masu ƙarin girma murna. Sai a wurin ta'aziyya muka ji labari. A cikin masu zaman makokin akwai likita ɗan ajinmu da ke aiki a garin. Ban ce da ya faɗa da ba ta rasu ba, rai na Allah ne. Amma da fulotin yana nan, marayun suna da abin dogaro, kuma da bai yi wata huɗun nan shi kaɗai ba.

Wani zai ce ai addini da al'ada duk sun hana roƙo. Haka ne, sun ƙi mutum ya mai da roƙo sana'a yana da ƙarfin nema. Amma kakanninmu da suka ƙi bara su ne suka ƙirƙiro gayya, inda manomi zai fito fili ya ce gonata ta fi ƙarfina, matasan gari su taru su nome masa. Su ne suka san adashi. Mu ma da kanmu, in za mu yi aure, har kati muke bugawa, mu karɓi gudummawa da hannu biyu ba tare da jin nauyi ba. Ashe a biki ba a jin kunyar karɓa, sai a ciwo? Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi.

Sai dai tambayar ma tana da ladabi, kuma koyonta ake yi. Bayan hijira zuwa Madina a shekarar 622, Sa'ad bin Rabi'a ya yi wa Abdurrahman bin Auf tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya nemi a nuna masa kasuwa. Mutane kan kawo wannan labari don nuna ƙin karɓar kyauta. Ni abin da na gani a ciki shi ne mutumin da ya san ainihin abin da yake bukata, ya faɗe shi a fili. Idan ka zo wa ɗan'uwanka, kada ka yi ta kewaye-kewaye har la'asar kana cewa gari ya yi zafi. Faɗi abin: naira kaza nake nema, rance ne, zan biya wata kaza, ko kuwa ba ni da halin biya, kyauta nake nema. Ka kuma zo da wuri, tun matsalar tana ƙarama. Sau da yawa ma ba kuɗi ba ne maganin. Ma'aikata nawa ne ba su san inshorar lafiya ta ma'aikatan tarayya ta haɗa da mata ko miji da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 ba? Tun 2022 aka yi sabuwar doka a kan inshorar, jihohi kuma suna da nasu tsarin. Wani a cikin ɗakin nan ya san takardar da ake cikewa da ofishin da ake kai ta. Minti biyar zai yi ya bayyana maka.

Akwai kuma nauyin da ba na aljihu ba. Wanda ya daina barci, ya daina cin abinci, ya ƙaurace wa mutane, ba ragwanci ke damunsa ba, kuma ba rashin tawakkali ba ne ya ga likita. Akwai asibitocin da aka keɓe don wannan a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, kamar yadda zuwa asibitin ido ba ya nufin ya makance.

Idan taimako ya zo, a karɓa. Mun iya cewa "a'a wallahi, ba komai, ka bar shi" alhali tukunya ba ta hau wuta ba tun jiya. Wasu kuma su karɓa, daga ranar su fara canza hanya idan sun hango wanda ya ba su, har zumuncin shekara ashirin ya mutu saboda alheri. Ka ce na gode, ka yi masa addu'a, ka ci gaba da zuwa gidansa kamar da.

Mu masu bayarwa kuwa, da hannunmu a cikin wannan shiru. Wanda ya ga an ɗauki hoton wani yana karɓar ambulan an sa a Facebook, ko ya ji ana yi wa wani gori a majalisa, ba zai kawo tasa ba ko za ta kashe shi.

Saboda haka ina ba shugabanni shawara guda biyu, taro ya duba. Ta farko, a zaɓi mutum biyu amintattu, ɗaya daga cikinmu, ɗaya daga iyayenmu malamai da suka yi ritaya, su kaɗai za su san sunan mai nema, ma'aji kuwa adadi kawai zai karanta a rahotonsa. Ta biyu, kowane wakilin aji ya riƙa kiran 'yan ajinsa ɗaya bayan ɗaya, musamman waɗanda aka daina jin ɗuriyarsu, kada ya tsaya a "lafiya lau" ta farko. Idan an amince, ina roƙon shugaban taro ya sa a zaɓi mutanen biyu yau, kafin a tashi cin abinci.