Kwamfuta da Amanar Fayil

Wannan lacca ce da wani ɗalibi ɗan aji uku, mutumin Bunguɗu, ya gabatar a taron ɗalibai da matasan ma'aikata da aka yi a Gusau lokacin dogon hutu.



Da farko ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da suka ga ya dace ƙaramin cikinsu ya tsaya gaban manya. An ce in yi magana a kan kwamfuta. To, kwamfuta kogi ce, ba a ƙure ta a zama ɗaya. Saboda haka zan tsaya a kan tambaya guda, wadda na tabbata ta shafi kowa a ɗakin nan: idan ka rubuta takarda a kwamfuta ka adana ta, ina ta tafi?

Kawuna ya yi shekaru masu yawa yana aikin akawu a rajista, watau ofishin da ake tsare fayiloli. Yana cikin ma'aikatan da suka dawo gida daga Sakkwato bayan da gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba 1996. Yakan ce mini, "Ɗana, ba safai fayil kan ɓace ba, lambarsa ce kan ɓace." Nufinsa shi ne, fayil yana iya kasancewa a cikin ɗakin ajiya lafiya lau, amma muddin babu sunansa da lambarsa a littafin rajista, to, ko an kwana ana nema da wuya a same shi. Da na shiga jami'a na fara koyon kwamfuta, sai na tarar ashe maganar kawu ita ce darasin gaba ɗaya.

Mu ɗauki kwamfuta kamar ofis. A cikinta akwai akawu mai saurin gaske, wanda ake kira furosesa, shi ke yin lissafi da duk wani aiki. Akwai teburin akawun, watau ƙwaƙwalwar wucin gadi da ake kira RAM, inda ake baza takardun da ake aiki da su a lokacin. Akwai kuma ɗakin ajiya, watau faifan cikin kwamfuta. Bambancin teburin nan da na ofis shi ne, da zarar wuta ta ɗauke sai a share shi tas. Abin da aka kai ɗakin ajiya shi kaɗai ke tsira. Wannan ne dalilin da ya sa wanda ya yi awa biyu yana buga wasiƙa bai adana ba, in wuta ta ɗauke, sai ya kama kai. Duk abin da ke cikin ofishin nan kuwa, hoto ne ko rubutu ko waƙa, lambobi ne kawai na sifiri da ɗaya. Kowane guda sunansa bit, takwas kuma su ne bait ɗaya. Harafin A bait ɗaya yake ci, amma ƙ tamu mai lanƙwasa tana cin biyu a tsarin rubutun da aka fi amfani da shi yau.

Ofis ba ya tafiya sai da shugaba. Shugaban ofishin kwamfuta ita ce babbar manhaja, wadda ke raba wa ƙananan manhajoji wuri a kan tebur, ta ba kowace lokacinta wurin akawu, ta aika takarda wurin firinta, ta kuma riƙe makullin ɗakin ajiya. Wadda muka fi sani a ofisoshinmu ita ce Windows ta kamfanin Microsoft, wadda ta fara fitowa a 1985, a bayan MS-DOS ta 1981. Akwai macOS ta kamfanin Apple. Akwai kuma Linux, wadda wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991 yana ɗan shekara 21, watau tsaran yawancinmu. A kan Linux ɗin nan aka gina Android da ke cikin wayoyinmu. Kada kuma ku zaci ni na ƙago wannan kwatance da ofis. Masu binciken kamfanin Xerox a Amurka su suka zana fuskar kwamfuta kamar tebur mai takardu da jakunkunan fayil, suka fito da ita kasuwa a 1981, Apple ta yaɗa ta a 1984. Da gangan suka kwaikwayi ofis, domin akawu irin kawuna ya gane ta.

Yanzu mu shiga ɗakin ajiya, inda maganata take. Faifan kwamfuta an yanka shi ƙananan gurabu masu lamba, kamar ramukan kanta. A Windows, yawanci kowane gurbi yana ɗaukar bait 4,096. Fayil babba ba ya shiga gurbi ɗaya, saboda haka sai a rarraba shi, wani yanki nan, wani can, ba lalle ne ma su jeru ba. To, wa zai tuna inda kowane yanki yake? Sai littafin rajista. A wani sashe na faifan akwai jadawali mai ɗauke da sunan kowane fayil, da girmansa, da ranar da aka taɓa shi, da lambobin gurabun da yake ciki. Wannan jadawali da ƙa'idojin rubuta shi su ake kira tsarin fayil. Jakar da kuke gani a allo, wadda muke kira folda, ba jaka ba ce ta gaske, shafi ne na rajista mai jerin sunaye. Shi ya sa in ka matsar da babban fayil daga wata folda zuwa wata a faifai ɗaya, kafin ƙiftawar ido an gama: ba a ɗaga kaya ba, suna kawai aka sauya wa shafi.

Tsarin fayil iri-iri ne. Mafi tsufa cikin waɗanda muke haɗuwa da su shi ne FAT, wanda asalinsa tun 1977 ne. A zamanin MS-DOS sunan fayil ba ya wuce harafi takwas, da ƙarin uku a bayan ɗigo, sai da Windows 95 ta zo aka sami damar dogon suna. Jikansa FAT32, na 1996, shi ne a kan filash da katin memori masu yawa, kuma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4. Idan filash ɗinka ya ƙi karɓar dogon bidiyo alhali da sauran wuri, ba lalacewa ya yi ba, littafinsa ne ba shi da gurbin rubuta lamba mai wannan girma. An fito da exFAT a 2006, kuma ba shi da wannan matsala. Faifan cikin Windows kuwa NTFS yake amfani da shi, tun 1993.

Jama'a, duk wannan bayani ba don cin jarrabawa na kawo shi ba. Akwai darussa huɗu da ke fitowa daga cikinsa.

Na ɗaya, gogewa ba ƙonewa ba ce. Idan ka goge fayil daga filash, ko katin memori, ko tsohon faifai mai juyawa, ko da ka zubar da kwandon shara, abin da kwamfuta ta yi kawai shi ne ta soke sunan a rajista, ta ce gurabun nan sun zama na kowa. Kayan suna nan har ran da aka ɗora wasu a kansu. Haka ma fomatin na gaggawa, sabon littafi ne aka buɗe, ba a share ɗaki ba. Wannan albishir ne, kuma gargaɗi ne. Albishir, domin wanda ya goge aikinsa bisa kuskure yana iya samunsa, in dai ya daina zuba komai a kan filash ɗin nan take. Gargaɗi, domin wanda ya sayar da katin memori ko tsohuwar kwamfutar ofis yana zaton ya goge, wataƙila ya sayar har da hotunan iyalinsa, ko jerin albashin ma'aikata, ko bayanan marasa lafiya. 'Yan'uwanmu masu karatun kiwon lafiya a Tsafe, ku da za ku riƙe sirrin majiyyata gobe, wannan taku ce musamman. Sabon faifai irin na SSD shi kam yakan share gurabun da kansa ba da jimawa ba, don haka a kansa kuskuren gogewa ya fi wuyar gyara.

Na biyu, kada a fizge littafi daga hannun akawu yana cikin rubutu. Adana fayil aiki biyu ne, zuba kaya a gurbi da rubutawa a rajista. In wuta ta ɗauke, ko aka zare filash tsakanin biyun, sai littafi ya faɗi wani abu, ɗaki ya nuna wani. NTFS yana da ɗan kundin da yake fara rubuta abin da zai yi kafin ya yi, don in an katse shi ya san inda ya tsaya. FAT32 ba shi da wannan. Saboda haka 'yan daƙiƙun da za ka ɓata ka sallami filash kafin ka zare shi, ba ƙa'idar banza ba ce.

Bara wata abokiyar karatunmu ta kai filash wani shagon buga takardu don ta fitar da kundin bincikenta na kammala digiri. Da ta dawo ta buɗe, ba ko folda ɗaya, sai wasu gumaka masu 'yar kibiya. Aikin wata bakwai ke nan, saura kwana huɗu a miƙa. Aka ba ta shawara ta yi fomatin ta huta. Allah ya sa kafin ta yi muka duba, muka ga filash ɗin yana nuna rabinsa cike. Ashe ƙwayar cutar kwamfuta ce ta shiga rajista, ta sa wa kowace folda alamar ɓoyewa. Muka kashe cutar, muka cire alamar, kundi ya fito ko shafi bai ɓace ba. Ga maganar kawu ta tabbata.

Na uku, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babbar manhaja tana tsufa, kuma masu ita sukan daina toshe ɓarakarta. Microsoft ta daina kula da Windows XP a 2014, da Windows 7 a Janairun 2020, kuma kulawar yau da kullum ta Windows 10 ta ƙare ran 14 ga Oktoba 2025. A watan Mayu 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150 tana neman fansa, har asibitocin Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Abin takaici, an riga an fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, ba a dai sa shi ba ne. Duk wanda aka ba kwamfutar ofis, ya duba wace iri ce a kanta, kuma yaushe rabon da a sabunta ta.

Na huɗu, wanda mu mutanen Zamfara muka koya da jikinmu. A farkon Satumba 2021 aka rufe layukan sadarwa a duk faɗin jihar nan saboda matsalar tsaro. Gusau ta sami nata a farkon Oktoba, amma mu na Bunguɗu, da na Tsafe, da sauran ƙananan hukumomi, sai wajen ƙarshen Nuwamba. A lokacin ina neman shiga jami'a, kuma kwafin takarduna duk suna cikin imel, ina taƙama cewa ba sa ɓata. Lalle ba su ɓata ba, amma suna cikin kwamfutar wasu a wata ƙasa, hanyar zuwa kuwa an toshe. Sai da na shiga mota na fita jihar kafin na sami takardun da nake kira nawa. Tun daga ranar na gane cewa kwafi ɗaya ba ajiya ba ne. Masana sun ba da ƙa'ida mai sauƙi: kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Alal misali, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filash da ke gida, ɗaya a intanet. In gobara ta ci na ofis, na intanet yana nan. In an rufe layi, na aljihu yana nan.

Kafin in zauna, ina da roƙo ga yayyenmu ma'aikata. Tsofaffin akawuna sun bar mana rajista mai tsari, kowane fayil da lambarsa, wanda ya ɗauka ya sa hannu. Yau wasiƙun gwamnati da yawa suna zube a fuskar kwamfuta da sunaye irin su "sabo", "sabo na biyu", "na ƙarshe", wasu ma a cikin kwamfutar ma'aikaci ta kansa, in an yi masa canjin wurin aiki sai ya tafi da su. Fayil ɗin da ka sa wa suna da ka yau, wataƙila shi ne wata gwauruwa za ta zo nema nan da shekara ashirin don haƙƙin mijinta. Ku ba kowane fayil suna mai ma'ana, ku fara da shekara, sannan wata, sannan rana, domin su jeru da kansu. Ku tsara folda kamar yadda rajistar ofishinku take. Ku kuma tabbata wani bayan ku ya san inda komai yake. Tun ran gini ran zane.

Mu kuma ɗalibai, kowa ya koma yau ya duba inda kundinsa yake, da kwafi nawa yake da shi. Wanda ya tarar ɗaya ne, kada ya kwanta sai ya yi na biyu.

Shugaba, nan zan dakata. Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure malamaina su gyara mini. Allah ya ba jiharmu zaman lafiya.