Karantar da Ɗalibai Kafuwar Nijeriya da Tsarin Mulkinta

  

'Yan'uwana malaman makaranta maza da mata, an nemi in yi magana a kan yadda ya kamata mu karantar da 'ya'yanmu labarin kafuwar ƙasar nan da tsarin da aka shimfiɗa don mulkinta, na kuwa karɓa da farin ciki, domin na daɗe ina ganin cewa wannan fanni, duk da girman matsayinsa, shi ne wanda muka fi yi wa riƙon sakainar kashi a makarantunmu. Yaro yakan kammala sakandare yana iya jero maka Clifford 1922, Richards 1946, Macpherson 1951, Lyttelton 1954, ba tare da ya yi tuntuɓe ba, amma in ka tambaye shi wace matsala ce ta sa aka ajiye wannan aka ɗauko wancan, ko su wane ne suka yi jayayya, a kan me kuma suka yi ta, sai ya yi shiru. Duk wanda ya zauna a zauren malami ya san cewa haddace matanin Ahalari ko Iziyya ba ya mayar da almajiri mafaƙihi, sai malam ya warware masa mas'ala, ya nuna masa inda malamai suka yi saɓani da hujjar kowanensu. Mu kuwa matani muke ba yara, muna hana su sharhi, alhali kuwa ilmin yana cikin sharhin.

Abin da nake so in tabbatar a gabanku shi ne, Nijeriya a teburin muhawara aka haife ta, tsakanin mutanen da ba su amince da juna ba, kowa yana tsoron kada ɗan'uwansa ya danne shi, kuma kowane babi na kundin tsarin mulkinmu amsa ce ga wani tsoro daga cikin waɗannan. Malamin da ya ɓoye wa ɗalibi tsoron, ya kuma ɓoye masa muhawarar, ya bar shi da dokoki marasa dalili, mutum kuwa ba ya kare abin da bai san dalilinsa ba.

Ba zan daɗe a kan farkon al'amarin ba. Ran 1 ga Janairu 1914 Gwamna Lugga ya haɗe Kudu da Arewa, ba tare da an shawarci ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka haɗe ba. Tsarin Clifford na 1922 ya kawo zaɓe, amma kujeru huɗu kacal, uku na Ikko ɗaya na Kalaba, kuma ba mai jefa ƙuri'a sai namijin da ke samun fam 100 a shekara. Arewa kuwa ba ta ƙarƙashin wannan majalisa, Gwamna ne ke yi mata doka da alƙalaminsa. Ke nan sai a 1947, da tsarin Richards ya fara aiki, sannan wakilan Arewa da na Kudu suka zauna a majalisar dokoki ɗaya, bayan shekara talatin da uku suna amsa sunan ƙasa guda. Wannan gaskiya kaɗai, in ɗalibi ya riƙe ta, za ta fahimtar da shi rabin abin da ya biyo baya. Babban laifin da aka gani a tsarin Richards shi ne an rubuta shi ba da shawarar masu ƙasa ba, abin da ya sa jam'iyyar NCNC ta zagaya ƙasa tana neman goyon baya don kai kuka Landan, a cikin wannan rangadi ne ma ciwo ya kama Herbert Macaulay a Kano, aka mayar da shi Ikko ya rasu a 1946.

Inda nake so malami ya tsaya ya shimfiɗa tabarma shi ne taron Badun na watan Janairu 1950. Gwamna Macpherson, da ya ga abin da ya sami magabacinsa, sai ya sa aka bi tambayoyi tun daga ƙauye zuwa gunduma, zuwa lardi, zuwa jiha, kafin a taru a Badun a yanke shawara. A can ne wakilan Arewa suka ce tunda jama'arsu ta kai rabin mutanen ƙasa ko fiye, to lalle a ba su rabin kujerun majalisar tsakiya, a kuma raba kuɗin ƙasa gwargwadon yawan kawuna. Har Sarkin Zazzau Ja'afaru, da goyon bayan Sarkin Katsina Usman Nagogo, ya bayyana cewa in ba a yi haka ba Arewa za ta nemi a koma yadda ake kafin 1914. Mutanen Kudu kuma suna da tasu hujja wadda ba ta da rauni, cewa in jiha ɗaya ta riƙe rabin majalisa, to sauran biyun ba za su taɓa zartar da kome ba sai da yardarta. Daga bisani aka ƙare a kan kujeru 68 ga Arewa, 34 ga Gabas, 34 ga Yamma. To, maimakon malami ya rubuta waɗannan lambobi a allo yara su kwafa, me zai hana ya kasa ajinsa uku, ya ba kowane kashi jiharsa, da yawan jama'arta, da yawan masu ilmin bokonta, da abin da take samu daga gyaɗa da auduga, ko koko, ko manja, sannan ya ce musu su raba kujeru 136 bisa adalci? Ina tabbatar muku cewa kafin a kaɗa ƙararrawa yaron da aka ba Gabas zai ɗanɗani abin da ya dami ɗan Gabas, wanda aka ba Arewa kuma zai gane cewa kakanninsa suna tsoron a karɓi mulki daga Bature a miƙa wa wanda ya riga su shiga makaranta da shekara hamsin.

Wannan tsoro ne ya fashe a 1953. Ran 31 ga Maris Anthony Enahoro ya kawo ƙuduri a majalisar wakilai cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956, Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a cire shekarar a ce sai sa'ad da hali ya yi, wakilan Kudu suka fice, jama'a suka yi wa 'yan majalisar Arewa ihu a titunan Ikko. Cikin watan Mayu, da Akintola ya jagoranci tawaga zuwa Kano don yaɗa ra'ayin jam'iyyarsa ta Action Group, rikici ya ɓarke har kwana huɗu, aka rasa rayuka 36 bisa ƙidayar hukuma, majalisun Arewa kuma suka fito da buƙatu takwas waɗanda da an bi su, da abin da zai rage a tsakiya bai wuce tsaro da kwastan da hulɗa da ƙasashen waje ba. Na sha jin malamai suna tsallake wannan babi don gudun tayar da tsohon miki. Ni ina ganin akasin haka ne daidai, domin daga wannan fitina ce aka tafi taron Landan na 1953 da na Ikko na 1954, aka fito da tsarin tarayya, wato kowace jiha da Firimiyanta da majalisarta da ma'aikatanta, tsakiya kuma da iyakantattun ayyukanta. Ɗalibin da bai san Kano ta 1953 ba, ba zai san abin da ya sa muka zama tarayya ba, zai kuma ɗauka cewa ado ne aka aro daga Amurka.

Kada kuma mu nuna wa yara kamar Arewa murya ɗaya gare ta. A watan Agusta 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna, ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi, domin talaka ba shi da bakin magana a cikinsa. A cikin watan nan ne kuma aka kafa NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, tana kiran a 'yanta talaka daga zaluncin cikin gida kafin a yi zancen na waje. Ga kuma ƙananan ƙabilu, na tsakiyar ƙasa da na bakin teku, waɗanda ke tsoron manyan uku, har aka naɗa hukumar Willink a 1957 ta saurari kukansu. Hukumar ba ta yarda a ƙirƙiro sababbin jihohi ba, amma ta ba da shawara a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a cikin kundin, aka kuwa rubuta, kuma zuriyar wannan babi ce ke nan a babi na huɗu na kundin 1999. 'Yan matan ajinmu su ma suna da haƙƙin su sani cewa a zaɓen Disamba 1959, wanda ya kai mu ga 'yanci, matan Kudu sun jefa ƙuri'a, iyayensu mata na Arewa ba su jefa ba, sai a 1979 suka shiga zaɓen tarayya, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da yawa a kan wannan da makamantansa.

Akwai wata shubuha da kan shiga zukatan ɗalibanmu, musamman masu karatun addini, cewa zancen ɗaure mai mulki da rubutacciyar ƙa'ida baƙon abu ne da Nasara ya zo da shi. Wajibi ne malami ya warware ta da ilmi. Tun a ƙarshen ƙarni na goma sha biyar Shaihu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa risala a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta Kitabul Farƙi yana rarrabe mulkin adalci da na zalunci. Ƙanensa Abdullahi kuma ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano, da mutanen garin suka roƙe shi ya bayyana musu yadda ake gudanar da hukunci. Ba na cewa waɗannan littattafai kundin tsarin mulki ne irin na yau, domin babu ƙuri'a a cikinsu, kuma an yi su ne don al'ummar Musulmi, ita kuwa Nijeriya gida ce ta Musulmi da Kirista da wasunsu. Abin da nake cewa shi ne, asalin mas'alar, wato shugaba amana aka ba shi kuma akwai doka a bisansa, mun san shi tun kafin Bature ya ga Kwara, don haka yaronmu ya shiga wannan darasi a matsayin magaji.

Sai ran 1 ga Oktoba 1960 aka sauke tutar Ingila a filin sukuwa na Ikko, bayan Gabas da Yamma sun sami mulkin kai a 1957, Arewa kuma ran 15 ga Maris 1959. A nan littattafan yara kan rufe labari da biki, alhali darasi mafi amfani yana gaba kaɗan. A 1962 jam'iyyar Action Group ta dare, 'yan majalisar Yamma 66 suka sa hannu a takarda cewa sun janye goyon bayansu ga Firimiya Akintola, Gwamnan jihar, Ooni na Ife, ya sauke shi ya naɗa Adegbenro a madadinsa. Kundin jihar ya ba Gwamna ikon sauke Firimiya in ya bayyana gare shi cewa ya rasa rinjaye, amma bai faɗi ta yaya zai bayyana ba: ta wasiƙa, ko sai an kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa? Aka ba hammata iska a majalisar, gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci, Kotun Ƙoli ta ce sai da ƙuri'a, kotun ɗaukaka ƙara ta Sarauniya a Landan ta ce wasiƙa ta isa, sai majalisar Yamma ta gyara kundinta ta mayar da gyaran baya don hukuncin ya zama banza. Da muka zama jamhuriya a 1963 aka daina kai ƙara Landan gaba ɗaya. Ku ba manyan ɗalibanku wannan shari'a su yi munazara a kanta, za su ga da idonsu cewa jimla ɗaya mai harshen damo tana iya girgiza ƙasa, kuma rubutu, kome kyansa, ba ya tsayuwa in masu riƙe da shi ba su yarda su sha kaye a ƙarƙashinsa ba. Daga wannan rikici zuwa daren 15 ga Janairu 1966, da sojoji suka kashe Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Akintola, shekara huɗu ba ta cika ba.

Na san halin da kuke aiki a ciki, aji mai ɗalibai fiye da kima, littattafai ba su wadata ba, ga jarrabawa tana neman a haddace shekaru. Duk da haka akwai abin da ke hannunmu. Yaron da aka nuna masa sashe na 35 na kundin 1999, ya ga cewa wanda aka kama dole a kai shi gaban alƙali cikin yini ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, zai koma gida da abin da zai amfani mahaifinsa. Saboda haka roƙona gare ku, 'yan'uwana malamai, kowannenku ya nemi kundin nan ya ajiye a ajinsa, ya fassara wa yara babi na huɗu da Hausa sashe bayan sashe, ya kuma keɓe darasi ɗaya a zangon nan su zauna taron Badun da kansu. Ga hukumomin ilmi kuma, ina roƙon a buga kundin da harsunanmu a raba shi makarantu kamar yadda ake raba alli. Allah Ya ba mu ikon sauke wannan amana.