ABIN DA KARE YA CI, GIDA YAKE DAWOWA

Jawabin da Editan wannan jarida ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a garin Shinaka, Ƙaramar Hukumar Goronyo.



Yau maganar kare ta kawo ni. Na ga wasu sun yi murmushi. To, ku saurara. Malamanmu sun gaya mana an yarda a ajiye kare don farauta, da kiwo, da gadin gona. A yau kuma kowa ya san amfanin haushinsa da tsakar dare. Amma kare yana ɗauke da tsutsotsi iri-iri. Wasu shi suke kashewa. Wasu kuma ta jikinsa suke bi su kai ga dabbobinmu da 'ya'yanmu. Mafi yawansu ta baki suke shiga. Wa ke ba kare abinci? Mu ne.

Jakar ruwa a huhu

Wata rana na tsaya a wata mahauta. Aka feɗe tunkiya, sai ga wata 'yar jaka cike da ruwa a jikin huhunta. Mahauci ya yanke wurin, ya jefa wa karnuka. Yana ganin ya yi tsabta. Alhali shuka ya yi.

A cikin jakar nan akwai 'ya'yan tsutsa masu ɗimbin yawa. In kare ya ci, sai su girma a hanjinsa cikin kamar mako 6. Tsutsar ƙarama ce, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Karen ba ya nuna alamar ciwo. Amma kashinsa cike yake da ƙwai wanda ido ba ya gani. Ƙwan ya zube a ciyawa. Tunkiya, ko akuya, ko saniya, ko raƙumi ya ci. Sai sabuwar jaka ta fito masa a huhu ko hanta. Haka abin ke zagayawa.

Mutum ma yana kamuwa. Ba ta cin nama ba, a'a, ta ƙwan da ke kashin kare. Yaro ya shafa kare, ya sa hannu a tuwo. Ko a ci latas da ba a wanke ba. Jakar takan yi shekaru tana girma a hantar mutum bai sani ba. Sau da yawa sai an yi masa aiki a asibiti.

Akwai 'yar'uwarta. Makiyaya sun san tunkiya mai juyi wuri ɗaya kamar mai hajijiya. Sau da yawa jakar tsutsa ce a ƙwaƙwalwarta. In an yanka ta aka jefa wa kare kan, an sayi ciwon wa sauran garke.

Ana iya maganin abin. Ƙasar Niyu Zilan ƙasar kiwon tumaki ce. A 1959 ta yi dokar yaƙi da wannan ciwo. Aka hana ba kare ɗanyen kayan ciki, aka riƙa ba karnuka magani. A 2002 ta bayyana cewa ta rabu da shi.

Tari da tsutsar huhu

Idan kare yana tari, kada a ce ƙashi ne kawai ya maƙale masa. Akwai tsutsar da ke zama a jijiyoyin jini na huhu da zuciya. An fi saninta a Faransa da Ingila. Kare yana samunta in ya ci katantanwa ko kwaɗo. Alamunta su ne tari, da saurin gajiya, da haki, da jinin da ba ya tsayawa in ya ji rauni. Katantanwa da kwaɗi kuwa ba a rasa su a fadamar Rima. Saboda haka a hana kare kiwon kansa a bakin ruwa.

Tarin kwikwiyo kuma sau da yawa wata tsutsa ce, doguwa, fara, mai kama da taliya. Tun yana ciki yake samunta daga uwarsa, ko ta nono. 'Ya'yanta sukan ratsa huhu kafin su zauna a hanji. Za ka ga cikinsa ya yi ƙato, jikinsa ya rame. Ƙwanta yakan yi fiye da shekara a ƙasa bai mutu ba. Yaro mai rarrafe yana iya haɗiye shi, wani lokaci har ya taɓa masa ido.

Sai mai shan jini. Ɗaga leɓen karenka ka duba dasashinsa. In ya yi fari, kashinsa kuma ya yi baƙi, to jininsa ake sha. 'Ya'yan wannan tsutsa suna huda fatar mai tafiya ba takalmi a ƙasa mai laima. Sai ka ga wani jan layi mai ƙaiƙayi yana tafiya a ƙafar yaro.

Darasin kurkunu

Dattawa ba su manta da kurkunu ba. A ƙidayar 1988 zuwa 1989 an samu fiye da mutum 650,000 da shi a Nijeriya. Aka yi yaƙi da shi, har Janar Yakubu Gowon ya riƙa shiga ƙauyuka. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da shi. Amma a Chadi, daga 2012, sai aka fara ganinsa a jikin karnukan masunta na bakin kogin Shari. A 2019 an ƙirga fiye da karnuka 1,900. Masana sun danganta abin da ɗanyen hanjin kifi da kwaɗi da karnukan ke ci. Sarkin Ruwa, mu ma muna da madatsar ruwa ta Goronyo. A binne hanjin kifi, kada a watsar.

Kaska da ƙuma

Kaska tana shan jini, tana kuma sa kare zazzaɓi mai kisa. A duba kunne, da wuya, da tsakanin yatsu. A kama ta daga gindi a cire a hankali, a jefa a wuta. Kada a murtsuke ta da yatsa. Ƙuma ma tana ɗauke da tsutsa, in kare ya haɗiye ta wajen susa. Kada a shafa masa baƙin mai, ko kalanzir, ko maganin feshin gona. Kare yana lasar jikinsa. Guba ce.

Abin da za mu yi

1. Kada a ba kare ɗanyen huhu, ko hanta, ko kan dabba. A dafa har ya nuna.

2. Duk naman da aka ga jakar ruwa a jikinsa, a ƙone shi, ko a binne a rami mai zurfi. A tuna da wannan ranar Layya, lokacin da kowane gida ke yanka.

3. A kange mahauta don kada karnuka su shiga. Mushe ma a binne shi.

4. A ba babban kare maganin tsutsa duk wata 3, wato sau 4 a shekara. A tabbata akwai firazikwantel a ciki, shi ne ke kashe tsutsar jakar ruwa.

5. Kwikwiyo a fara ba shi yana mako 2, a maimaita duk mako 2 har ya yi wata 3. A haɗa da uwarsa.

6. Malamin dabbobi ne zai faɗi yawan magani bisa nauyin kare. Kada a ƙiyasta da na saniya.

7. Bayan an ba da magani a ɗaure kare kwana 2, a kwashe kashinsa a binne.

8. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. A wanke kayan lambu. A sa wa yara takalmi.

In ciwo ya gagara, akwai asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. In an je wurin malamin dabbobi, a nemi allurar haukan kare ma, sau ɗaya a shekara.

Ga aikinku, ɗalibai. Yanzu kun iya rubutu. Kowa ya ware shafi ɗaya a littafinsa. Ya rubuta ranar da ya ba karensa magani, da ranar da zai sake. Ya rubuta wa maƙwabcinsa da bai iya ba. Unguwa ɗaya ta haɗa kuɗi ta kira malamin dabbobi rana ɗaya, don in ka yi wa naka, maƙwabci bai yi ba, ciyawa ɗaya tumakinku ke ci.

Sarkin Baka, ku kuka ce ba a kiwon kare ranar farauta. To, a fara tun yau.

Allah ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu.