Ba Kowane Jini Ba Ne Basir

'Yan'uwana mata, na Jangeru, Shinkafi, Zurmi da Ƙaura Namoda. Yau hirarmu a kan hanji take, kuma ina roƙon mu ajiye kunya gefe.

Kin san kaluluwa, wadda kan fito a hammata ko matsematsi in an ji rauni? To, irin ƙwayoyin da ke cikinta, masu tsare jiki daga cuta, akwai su a bangon hanji. Wani lokaci su ne kan rikiɗe su zama ciwon daji, wanda likitoci ke kira limfoma. Ba kasafai yake tsira a babban hanji ba. Cikin masu dajin babban hanji 100, da ƙyar a sami mutum 1 mai irinsa. Yakan fi zama a farkon babban hanji, ƙasan ciki ta dama.

Wani irinsa yakan daɗe shiru. Sau da yawa sai an zura siririn bututu mai kyamara ta dubura don neman wani abu daban, sannan a ci karo da shi. Likita zai tsinko ɗan nama a kai ɗakin gwaji, domin ido kaɗai ba ya bambance shi da sauran ƙari. Wani irin yana jin magungunan daji sosai, wani sai an haɗa da tiyata.

A Amurka, tun 2021 aka shawarci mai shekara 45 ya fara wannan bincike ko lafiyarsa ƙalau. Mu kuwa, mace za ta yi wata shida tana ganin jini a bayan gida, ta ce basir ne, ta duƙufa kan jiƙo da sassaƙe.

'Yar'uwa, in kin ga jini, ko ramewa ba dalili, ko ciwon ciki da ya ƙi tafiya, ko zufar dare, gaya wa maigida yau. Ku fara da babban asibitin Shinkafi ko na Ƙaura. In ta kama, su tura ku Gusau ko asibitin koyarwa na Sakkwato. Hanya da wuya, kuɗin mota ma da nauyi, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maigida, kai ma ka ji, ka ba ta izini.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.